Shekarar da Kellu Ta Ƙi Amsa Mini Gaisuwa

Ina jin yadda kuke ba da labarin nan idan kun taru a tsakar gida da salla, kuna tsammanin kunnena ya tsufa. Ke 'yata Falmata kikan ce wai Malama Rifkatu ce ta zaunar da ni kamar 'yar aji ɗaya ta koya mini rage surutu. Aisa matar ɗana Bukar kuma takan ce albarkacin miyar sunan ɗanta ne na gyara rubutuna. Kowace ta tsinci wurin da sunanta ya fito ta riƙe. To ni da abin ya faru a kaina ina nan da raina, bakina kuma bai tafi aro ba. Ku bari in faɗa muku yadda aka yi, har da wurin da ban yi kyau ba.

Sai da na haura hamsin na fara riƙe fensir. Kafin nan na yi shekara talatin a Kasuwar Kifi ta Baga Road, a layin mata masu sayar da banda, ina kasa tarwaɗa da karfasa tsibi-tsibi a kan faranti. Idona rufe, in aka miƙo mini kifi zan faɗa muku ko da itacen kirki aka ƙyafe shi, ko ya sha ruwa a hanya. Amma takardar asibiti sai na nemi mai karanta mini, kamar makauniya. Ranar da abin ya ishe ni na ɗaura gyale na tafi ajin manya da ake yi bayan la'asar a ƙarƙashin darbejiya, nan Bolori. Malamarmu ita ce Rifkatu, 'yar wajen Biu, Kirista, sa'ar Falmata ce a shekaru, amma in ta ɗaga alli ko ni sai in nutsu. Shekara uku ta yi tana fama da taurin kaina. Da na iya haɗa jimla, sai Falmata ta sayo mini babbar waya, irin wadda ake shafawa. A lokacin Rifkatu tana da wani shafi a intanet da matan gari suke rubuta abin da suka sani da Hausa, wata girki, wata rainon yara, wata yadda ake haɗa turaren wuta. Wata rana bayan an tashi daga aji ta tsayar da ni.

"Hajja Bintu, abin da hancinki ya sani a kan kifi babu shi a littafi. Ki rubuta mana."

"Ni? Wa zai karanta rubutun tsohuwa mai ƙarnin kifi?"

"Duk mai tukunya," in ji ta.

To a nan ne tarbiyyar gidanmu ta biyo ni har cikin waya. Ku kun tashi a Bolori, ba ku ga yadda muka tashi a Yerwa, cikin tsohon gari, ba. A can gaisuwa aiki ce sukutum. Mace takan cire takalmi, ta durƙusa, tana tafa hannu a hankali tana wushe wushe, wato sannu sannu, ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi wanda ya yi tafiya da wanda ya dawo, har akuyar da ta haihu. In an gama a ɗan yi shiru, a sake ɗauko ta daga farko. Ina 'yar shekara bakwai mahaifiyata ta aike ni maƙwabta in karɓo kanwa, na shiga na ce a ba ni kanwa ba tare da na gaisa ba. Da labari ya iso mata sai da ta ja kunnena tun daga ƙofar gida har gaban matar, ta sa na yi gaisuwar sau biyu. Kunnen nan na hagu har yau bai manta ba. Saboda haka da Rifkatu ta ce mini mata dubbai ne suke buɗe shafin, sai na ga girman abin. Wato zan shiga gidaje dubbai a lokaci guda. In shiga haka kawai kamar ɓarauniya? Na ce ba da ni ba. Duk rubutun da zan yi sai na fara da sallama, in gaida matan Bolori, in gaida na Yerwa, na Hausari, na Gwange, na Gamboru, na Bulumkutu, in tambayi mazajensu da 'ya'yansu, in yi wa marasa lafiya sannu, in yi wa masu jego barka, in yi wa mamata addu'a. Daga nan in faɗi ko ni 'yar wace ce, da yadda kakata ta zauna a bakin babban tafkin da kifinmu ke fitowa. Sai can ƙasa, in babban yatsana ya gaji, in kawo maganar da ta tara mu.

Mahaifinku Malam Modu yakan leƙo daga kan keken ɗinkinsa a zaure, ya ga na sa tabarau na duƙufa.

"Hajja, yau wace unguwa aka kai?"

"Gwange."

"Madalla. In kin isa Gamboru ki gaida mini abokina mai gyaran rediyo, kin hutar da ni tafiya."

Nakan ce masa ya ji da wandunan mutane. Kuma gaskiya a lokacin ban ga laifina ba, domin duk rubutun da na saka sai mata su yi ta danna alamar zuciya, suna rubuto mini, lafiya lau Hajja, mun gode Hajja, ya jikoki. Kaina ya kumbura. A kasuwa har wani taku na canja.

A bazarar waccan shekarar aka yi zafin da ya sa ƙwari suka yi wa banda yawa. Kwali yakan iso daga tafki, kafin mako ka buɗe ka tarar ƙwaro ya mai da rabinsa gari. Mu da muka gaji sana'ar mun san maganin abin, wahala ce kawai: a juye kifin, a shanya a rana, a sake mai da shi kan hayaƙi, a barbaɗa gishiri da barkono. Amma wasu tsirarun marasa tsoron Allah, akasarinsu masu yawo da baro a bakin titi, sai suka koma yayyafa masa fiya-fiya, maganin sauron nan da ake ɗurawa a kwalba. Abin da ke kashe ƙwaro nan take, shi za a ba yaro a miya. Na ga haka da idona, raina ya ɓaci, na zauna kwana huɗu ina rubutu. Na kai wa Rifkatu ta duba. Ta yi ta jan yatsa a kan wayar, tana ja, tana ja, har na ga ta gyara zama.

"Hajja, maganar nan mai nauyi ce, amma kin binne ta. A waya layi kaɗan ne ke fitowa, sauran sai mutum ya taɓa ya buɗe. Bari mu ɗaga gargaɗin sama, mu rage gaisuwar."

"Ki taɓa mini gaisuwa in ɗauke rubutuna. Ni ba a haife ni a tasha ba."

"Ban ce an haife ki a tasha ba, Hajja."

"To saka shi yadda yake."

Ta saka. Kun ga ke nan ba ita ta zaunar da ni ba. Ta faɗi gaskiya sau ɗaya, na taka ta na wuce.

Bayan kamar mako biyu Aisa ta haifi ɗanta na fari. Gudummawata ta suna kwali guda ce ta tarwaɗa da na zaɓa da hannuna. Ranar suna jama'a suka ninka yadda aka zata, dangin Aisa suka cika mota biyu, sai Falmata, da yake ita ce uwar girki a ranar, ta ga kifin ba zai kai ba. Ba ta so ta dame ni ina cikin baƙi, ta fita bakin titi ta sayo ƙari a wurin wani mai baro. Da hantsi na zaga bayan gida in ga yadda aiki ke tafiya. Tukwane biyu a kan murhu, mata sun kewaye, ana daka ana shewa. A gefe ga tiren nama, ƙuda ya yanyame shi ana kora. Dab da shi ga tiren kifi yana ta ƙyalli a rana, ko ƙuda ɗaya bai sauka a kansa ba. Biyu ma na gani a ƙasa sun yi rigingine. Na ɗauki ɗaya na kai hanci. Ƙamshin hayaƙi na nan, amma a ƙarƙashinsa akwai wani wari mai yaji kamar na kananzir.

"Wa ya kawo wannan?"

"Ni ce, Ya," in ji Falmata, don haka take kirana. "Dubi kyansa, ko ƙwaro ɗaya babu."

"An zuba a miya?"

"Rabi, a waccan tukunyar."

Na ajiye kifin. Na naɗe hannun riga, na kira mata biyu muka sauke tukunyar, na sa aka haƙa rami a bayan katanga don kada kaji su ci, muka juye ta duka, da man da kayan miyar da komai, muka bi da sauran kifin. Wata daga dangin Aisa ta dafe ƙirji tana salati, ta ɗauka uwar miji ce ta zo da rigima. Na juyo kan 'yata.

"Falmata, ba ki karanta abin da na rubuta a kan kifin nan ba?"

"Wallahi na karanta, Ya. Har zuciya na sa miki."

"Har ina kika karanta?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da ludayi.

"Har inda kike gaida mutanen Gwange."

Bayan gidan nan ya kece da dariya. Na ce su yi shiru, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Mata sun fi ashirin a wurin, kusan duk sun ga rubutun, kusan duk sun danna zuciya. Wata ta tsaya a Hausari. Wata ta ce ita ta yi ƙoƙari, ta kai har wurin kakata da bakin tafki, sai tuwonta ya kama. Wata tsohuwa ta ce ita an karanta mata, daɗin addu'ar ya sa barci ya ɗauke ta. Ko mutum ɗaya bai isa wurin ƙuda da wari ba. Aka ƙara wa ɗaya tukunyar ruwa da kuɓewa busasshiya, Allah ya sa albarka ta ishi kowa, aka ci aka yi ta ba'a da ni har la'asar. Ina dariya tare da su, amma raina a ɓace yake. 'Yar da na haifa ta kusa ciyar da unguwa guba da rubutuna a cikin jakarta.

Ga wurin da ban yi kyau ba. Na koma gida da zafin nan, ko gyale ban cire ba, na ɗauki waya. A lokacin Rifkatu ta riga ta ba ni damar saka rubutu da kaina, ita kuma ta tafi garinsu biki. Na ce tun da gajere suke so, za su gani. Na rubuta: Mata ku yi hankali, ana zuba wa kifin banda fiya-fiya a kasuwa, guba ce. Shi ke nan. Babu sallama, babu sai anjima. Na danna, na ajiye wayar, na ji wani sanyi a raina kamar na rama mari.

Wannan kam an karanta shi har ƙarshe, tun da ƙarshen yana manne da farkon. Kafin gari ya waye ya bar shafinmu ya shiga wayoyin da ban san masu su ba. Wannan ta tura wa waccan, waccan ta tura wa dangin mijinta. Har daga Kano wata 'yar'uwa ta turo mini shi tana cewa in yi hankali da kifi. Ni! Da na isa kasuwa sai na tarar layinmu tsit. Mata na wucewa ta bakin layi suna toshe hanci da gyale kamar an ajiye gawa. Layin da mu goma sha wani abu muke zaune, babu mai taɓa fiya-fiya ko ɗaya. Matan da idanunsu suka yi ja saboda hayaƙi, tafin hannunsu ya tsage saboda gishiri. Layi biyu nawa bai raba su da masu baro ba, ya tattara kowa ya zuba a kwando ɗaya.

Rumfar da ke manne da tawa ta Kellu ce. Kun san ta, ita ta yi mini wankan jegon Bukar. Shekara talatin muna cin abincin rana a kwano ɗaya, in na tafi salla ta sayar mini, in ta tafi in sayar mata. Na ajiye kayana na juya.

"Kellu, wushe. An tashi lafiya?"

Ta ci gaba da kaɗa maficinta a kan kifi.

"Kellu, ya gida? Ya ƙafar taki?"

Ko kallo. Na bi layin ina gaisuwa rumfa-rumfa, kowace ta sami abin da za ta duba a ƙasa. Ku da kuka tashi da gaisuwar ɗaga hannu ba za ku san nauyin wannan ba. A garin nan gara a zage ka da uwa da uba a kan ka yi gaisuwa ta faɗi ƙasa. Wanda ya zage ka ya san kana nan. Da azahar Kellu ta buɗe kwanonta ta juya mini baya ta ci ita kaɗai. Can ta yi magana, ba da ni ba, da tarwaɗar da ke gabanta.

"Wasu sun yi boko da tsufa, sun koyo yadda ake yanka mutum da layi biyu."

Kwana tara ana haka. Kullum in yi gaisuwa, kullum ta faɗi ƙasa. Na goge rubutun, amma gogewar banza, magana zarar bunu ce. A gida na kasa cin tuwo. Malam Modu ya bar ni kwana biyu ina huci, a na uku ya tsayar da kekensa.

"Hajja, in faɗi magana ko in yi shiru?"

"Da can izinina kake nema?"

"Da kin ɗinka wa mutane riga mai jan ƙasa, suna tafiya suna tuntuɓe. Yanzu kuma kin ɗinka wadda ko cibiya ba ta rufe ba. Ni dai ban taɓa sa almakashi a yadi ba sai na ga mai rigar."

Na ce masa ba wa'azi na zo ji ba. Amma maganar ta bi ni har kasuwa.

A rana ta bakwai wata mata ta shigo layinmu, ita kaɗai, da goyo a bayanta, mai keke mai ƙafa uku yana jiranta a bakin titi yana danna ham. Ta tsaya a gabana da waya a hannu.

"Mama, an ce ke kika rubuta wannan."

"Ni ce."

"To kin ce guba ce, ba ki ce wanne ba. Maigidana ba ya cin miya sai da banda. Kwana shida ina yi masa ta wake, yau ya ce in na sake zai koma cin abinci gidan uwarsa. Yaya zan yi?"

Bakina ya riga tunanina, ya fito da irin tambayar da na yi wa mutane sau dubu.

"Miyar mutum nawa?"

"Mu shida."

Na fara zaɓar mata, ina zaɓa ina magana. Na ce ta duba ko ƙuda na kusantar kifin, in ta ga tarin kifi a fili ko ƙuda ɗaya ba ya sauka, ta yi gaba. Na ɓare ɗaya na kai mata hanci, na ce wannan shi ne ƙamshin hayaƙi zalla, in ta ji wani wari mai yaji a ƙarƙashi kamar kananzir, ta ajiye. Na ce kada ƙyalli ya ruɗe ta, kuma kada ta ce za ta wanke, ta bar shi kawai. Na ce akasarin masu sana'ar nan mutanen kirki ne, ta sayi a wurin wadda take da rumfa, wadda gobe za ta dawo ta same ta. Kafin in ƙulle ledar na gama. Ta ce Allah ya saka, ta ruga wurin mai kekenta. Na bi ta da kallo, sai na ji kamar an ɗaga mini wani murfi a kai. Abin da na kasa faɗa a rubutun kwana huɗu, na kuma kasa a layi biyu, ga shi na faɗa wa mace a tsaye, da goyo, ana yi mata ham, kuma ta tafi da shi duka. Shekara talatin ina tambayar mutane girman tukunyarsu kafin in kasa musu kifi. Ban taɓa tura wa mai miyar mutum uku kwali ba, ban taɓa ba mai biki ƙwaya biyu ba. Amma da na riƙi waya sai na manta in tambaya.

Na koma gida na rubuta daidai abin da na faɗa wa matar nan, kamar tana tsaye a gabana. Na karanta da ƙarfi ina ƙulle leda, in ga ko za su ƙare tare. Inda ya zarce na datse. Gaisuwa na bar layi uku a sama, don hannuna ya ƙi ya shiga gidan mutane haka. Rifkatu ta dawo, na kai mata. Ta karanta ta ɗago.

"Hajja, ba ni da abin gyarawa. Amma ba ni ya kamata in fara ji ba."

Na gane nufinta. A rana ta tara da safe na tsaya a tsakiyar layinmu, na sa tabarau, na ce ko an amsa ko ba a amsa ba zan karanta, domin sunansu na ɓata, ba zan saka komai ba sai sun ji. Na karanta wa ƙeyar Kellu. Na kai ƙarshe. Maficinta ya tsaya.

"An manta da barkono," in ji ta, har yanzu ba ta juyo ba.

"Wane barkono?"

"An faɗi abin da 'yan iska suke yi. Ba a faɗi abin da mu muke yi ba. Shanya, da hayaƙi na biyu, da gishiri, da barkono. Ko idon nan nawa kwalli ne ya sa shi ja?"

Gaskiyarta. Na tsaya nan na ƙara. Da na ƙara sai rubutun ya wuce ƙullin leda, dole wani abu ya fita. Na duba sama na duba ƙasa, babu abin da zai iya fita sai layi ukun nan nawa. Wallahi sai da na ji kunnena na hagu ya yi zafi. Na goge su, na bar sallama kalma biyu, na sa aikin Kellu a wurin. A can ƙarshe na rubuta, ina gaida kowa da kowa, unguwa-unguwa, kun san kanku.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya. Mata suka dawo, amma da sabon salo. Sai ka ga mace da adonta da jakarta ta shigo layi tana leƙe-leƙe tana tambaya, ina rumfar da ƙuda yake? Wata ta ɗauki kifi ta shinshina kamar mai sayen turare. Kellu da ta shekara talatin tana yaƙi da ƙuda sai ga ta ta ajiye mafici a cinya, in ɗaya ya sauka ta nuna shi da haɓa ta ce wa mai saye, ga shaida nan. Sai da na sake wani ɗan rubutu na ce jama'a, ban ce ƙuda tsafta ba ne, a rufe abinci. Ban ce komai ya koma daidai ba. Akwai wata baiwar Allah a ƙarshen layi, Hadiza, mai ƙaramin ƙarfi, kwana taran nan suka karya ta, ta koma sayar da gyaɗa a ƙofar gida. Na je har gida na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma ba ta dawo layi ba. Wannan yana wuyana, ku sani. Wasu tsofaffi a Yerwa kuma har yau suna cewa Bintu ta zama Baturiya, tana faɗa wa mutane magana ba gaisuwa. Su nakan je in gaishe su da ƙafata, in durƙusa in yi musu mai tsawo har su gaji.

Kada kuma ku ce na koma mai gajeren rubutu, wannan ma ƙarya ce. Na rubuta yadda kakata take ƙyafe kifi a bakin tafki, ya fi na farkon tsawo, kuma an karanta shi har ƙasa, don na gwada, na ɓoye tambaya a layin ƙarshe mata suka yi ta amsawa. Wancan na mai zaune ne da ta gama aiki ta miƙe ƙafa. Gargaɗi kuwa na mai tsaye ne. Kafin in taɓa waya nakan tambayi kaina wace ce a gabana, a tsaye take ko a zaune, miyar mutum nawa za ta yi. Abin da in ba ta ji ba za ta cutu, shi ke hawa saman tsibi.

Washegarin ranar da rubutun da Kellu ta gyara ya fita na isa kasuwa, na ajiye kaya, na juya kamar kullum.

"Kellu, wushe."

Ta ajiye mafici. Ta gyara ɗaurin zani. Ta juyo gaba ɗaya ta fara tafa hannu a hankali, irin na Yerwa.

"Wushe, Bintu, wushe wushe. Ya kwana? Ya gajiya? Ya zafi? Ya Malam Modu da kekensa? Ya Falmata mai sayen kifin baro? Ya mai jego? Ya mutanen Bolori? Ya na Hausari?"

"Kellu, ya isa."

"Ban gama ba. Bashin gaisuwar kwana tara kike bina. Ya mutanen Gwange?"

Layin nan gaba ɗaya ya ɗauki shewa. Ni da ba a taɓa ganin hawayena a kasuwa ba, na ce hayaƙi ne. Ba ta tsaya ba sai da ta kai Bulumkutu, masu saye biyu suna tsaye suna jira. Da azahar ta turo kwanon tsakiyarmu.

Wannan da kuke riƙe da shi na san ya yi tsawo. Da gangan ne. Ku ba baƙi ba ne a bakin rumfa, 'ya'yana ne, zama za ku yi. Ke kuma Falmata, akwai manyan tarwaɗa guda biyar da na ware miki a cikin kwandon da ke rataye a ɗakin girki, ban faɗa wa kowa ba sai wannan layin. In kin zo kin ɗauka, Allah ya yi miki albarka. In sun kwana uku a wurin, na san a Gwange kika tsaya.